Ƙauyenmu a Kan Murfin Akwati

Wata Laraba ce a farkon damina, a shekarar da katafila ta fara cin gonakin da ke bayan tsohuwar Garki, malaminmu ya loda mu a bayan tifa ya kai mu kallon birnin da ake cewa za a gina. Ina aji uku a lokacin, da ƙyar ma aka bar ni na bi, sai da Yaya Ladi, ɗiyar yayar mahaifiyata da muke kwana a tabarma ɗaya, ta yi alkawarin ba za ta saki hannuna ba. Aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyin da ban taɓa jin irinsa ba, muka tsaya a kan daɓe mai sheƙi muna jin kunyar jar lakar da ƙafafunmu suka bari. A tsakiyar ɗakin akwai babban tebur da gilashi a kansa, a ƙarƙashin gilashin kuwa ga gari guda a kwance: benaye farare ƙal kamar an yanka su daga sabulu, tituna a miƙe, gadoji, da 'yan itatuwa masu kai iri ɗaya. Babu mutum, babu akuya, babu hayaƙin murhu. Wani mutum mai doguwar sanda yana nuna mana inda shugaban ƙasa zai zauna idan an taso daga Legas, da inda za a yi kasuwa, da inda jiragen sama za su sauka. Ladi ta ɗaga hannu ta tambaye shi ina ƙauyenmu. Ya nemi sunan, aka faɗa masa, bai san shi ba. Malam ya kwatanta masa: tsakanin rafi da dutsen nan mai tsaga a ka. Mutumin ya yi ta yawo da sandarsa a kan gilashin, can ya tsayar da ita a kan wani faffaɗan titi ya ce, "Wajen nan ne, in ban yi kuskure ba." Da fara'a ya faɗa, har ya shafa kan wani yaro.

A hanyar dawowa yara suna ta waƙa, tifa tana jefa mu sama da ƙasa. Sai da muka sauka a bakin rafi Ladi ta tsuguna wanke ƙafa, sannan ta ce da ni, ba tare da ta ɗago ba, "Manyan nan ba sa ganin abu sai an ƙanƙanta shi an ɗora musu a tebur." Ban gane abin da take nufi ba a ranar.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don ko na faɗa babu taswirar da mai karatu zai same shi a ciki. Ɗan ƙaramin wuri ne na dangin mahaifiyata, Gbagyi manoman doya da dawa, ɗakuna zagayayyu na laka, rumbuna a kan duwatsu kamar manyan tukwane, mata suna tafe da itace da tulu a kafaɗa, don a wurinmu ba a ɗora wa kai kaya. Mahaifina Bahaushe ne, tela, kekensa yana kasuwar Garki, shi ya sa na tashi da baki biyu: Hausa a gabansa, Gbagyi a gaban Kaka. Ranar Lahadi ana buga ƙarfen tayar mota a ƙofar coci, da asuba mahaifina da wasu mutum kaɗan suna salla a wani fili da aka kewaye da duwatsu, Kaka kuma tana zuba kurɓin farko na duk abin da za ta sha a gindin ɗorawa, kuma ban taɓa jin wani ya ce wa wani don me ba. Aikinmu mu 'yan mata bai ƙarewa. Mu ɗebo ruwa, mu kori birai daga gonar masara da gwangwani da ihu, mu tsince ƙananan doyar da fartanya ta bari, mu bi Kaka gaɓar rafi haƙo yumɓu, don ita maginiyar tukwane ce, tukunyarta har Fulanin ruga suke aiko a saya musu. Idan mun samu sarari mu yi 'yar carafke a gindin rumbu, ko mu ƙwace karan da maza suke ƙera mota da shi mu yi gadon 'yartsana.

A bayan ɗakin Kaka, a inuwar ɗorawar nan, mijinta yake kwance. Ban san shi ba, ya rasu kafin a haife ni, amma ban taɓa ɗaukarsa a matsayin wanda ba ya nan ba. Kullum da safe Kaka takan share kabarin da 'yar guntuwar tsintsiya ta ba shi labarin gida: wace ta haihu, akuyar wa ta shiga gonar wa, yadda gwiwarta ta kwana. Wani lokaci ta yi masa faɗa a kan rufin da ya bar mata yana yoyo. Saboda haka da masu awo suka zo suka kafa turaku masu jan kai, ɗaya a gefen gonar doyarmu ɗaya a ƙetaren rafi, kowa ya je ya tsaya a bayan na farko ya hangi na biyu, kowa kuma ya ga abu ɗaya: layin hanyar ta tsakiyar ɗorawar yake bi. Aka ce bayan an cire gero wani jami'i zai zo ya duba gidaje. Aka kuma ce a wani wuri an taɓa karkata hanya saboda wata babbar bishiya, wasu su ce saboda coci ne. Babu wanda ya ga wurin da idonsa, amma ƙauye guda muka rataya a kan maganar. Kaka dai ta faɗa sau ɗaya, ba ta maimaita ba, cewa ba za ta bar shi a ƙarƙashin tayoyin mota ba.

Abin da muka yi aikinmu da shi kuwa, wani farin soso mai tauri da ake kira fom, Kawu Bawa ne ya kawo shi. Ƙanen mahaifiyata ne, ya ajiye fartanya ya shiga lebura a wani kamfanin gini, kullum yana dawowa da abin da aka yar: buhun siminti, guntayen waya, ƙusoshi lanƙwasassu. Wata rana ya shigo da wani farin abu a kafaɗa, girmansa ya kusa ƙofa, yana tangaɗi da shi kamar zai karye, sai ya jefo wa Kaka a cinya. Ta yi tsalle, mu kuma muka faɗi muna dariya, don abin bai kai kaza nauyi ba. Ya ce da shi ake naɗo firiji da na'urar sanyaya ɗaki daga ƙasashen waje, a wurin aikinsu tsibi-tsibi ake ƙonawa. Idan ka murza shi ya yi ƙara kamar ɓera, idan ka karya ya zubar da 'yan ƙwayoyi farare kaji su bi suna tsattsaga. Ruwa ba ya jiƙa shi, gara ta hau ta sauka ba ta taɓa ba. Kaka ta sunsuna shi ta ture gefe ta ce, "Abin da gara ta ƙi, ni ma ban yarda da shi ba." Ladi ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana juya wani guntu a hannunta, ni kuma na ga farinsa irin farin benayen nan ne na cikin gilashi, sai na gane maganar bakin rafi.

Ladi ta roƙi Kawu murfin wani akwatin katako, ta shimfiɗa fom mai kauri a kai, ta fara gina ƙauyenmu. Da tsohuwar rezar mahaifina take yanka, amma reza tana yage shi, sai ta gano cewa idan an ɗora wuƙa a bakin murhu ta yi zafi, ratsa shi take kamar man shanu, ta bar gefe sumul, da wani ɗan baƙin hayaƙi mai sa ciwon kai. Da zafaffiyar ƙusa ta haƙa rafi, da lanƙwasarsa da mashayar shanu. Ta sassaƙa dutse mai tsaga. Ɗakuna kuwa sai ta yanka su murabba'i ta ba ni, ni kuma in goga su a kan dutsen niƙa har su zagaye. Da ƙaya muke kafe su, da ƙullun rogo muke liƙa jinka ta bakin tsintsiya. Awaki da farin cikin kara muka yi su, ɗorawa kuma da wani busasshen reshe mai rassa da yawa. Duk wannan a tsakanin aiki ne, bayan ɗiban ruwa, kafin daka, wani lokaci da tuwo a ɗaya hannun. Ladi ba ta yarda da kusa-kusa. Rumbun maƙwabcinmu da ya karkace, a karkace ta yi shi. Idan ta yi shakkar ta ina wata ƙofa take kallo, sai ta aike ni da gudu in dubo.

Kafin mu ankara tsakar gidan Kaka ta zama wurin kallo. Mata su ajiye tulu su tsuguna suna neman ɗakunansu da yatsa. Wata ta ce Ladi ta rage mata ɗaki don ba ta ba ta gyaɗa ba, wata ta ce to ai gara nata, ita an manta da turken jakinta ɗungurungum. Wani tsoho ya ce tunda an sa rumbunsa a karkace to a rubuta a jiki cewa zai gyara bayan damina, aka yi masa ca cewa tun Ladi tana goye yake faɗin haka. Har mai gari ya zo, ya daɗe a tsaye, ya ce a ajiye abin nan da kyau, shi za a fara nuna wa jami'in. Daga ranar wasa ya fita daga cikinsa. A ƙarshe Ladi ta je bayan ɗaki ta tsinko ƙasar kabarin da yatsu biyu, ta jiƙa da yawu, ta ɗora a gindin ɗan reshen. Ta ce idan mutumin ya ga ɗorawar da kabarin a kan tebur, kamar yadda ya saba ganin abubuwa, zai san inda zai karkata hanyarsa.

Kaka tana gefe duk kwanakin nan tana ginin tukunya, ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Ranar da muka ce mun gama ta goge hannu a zane ta taso ta duba ɗaki-ɗaki, sannan ta ce da Gbagyi, "Ƙawayena, kun gina ƙasa kun manta da sama." Ta ce tun shekarun da wani ƙaramin jirgi ya riƙa wucewa ta kan ƙauyen, ya je ya dawo a miƙe kamar mai huɗa, take jin akwai abin da ya tsaya a kanmu. Ta ce ba iska ba ne, ba dodon tatsuniya ba ne. Waɗannan ta san su, suna da suna, suna da abin da suke so da abin da suke ƙi, ana ba su kaza su haƙura, ana yi musu wayo a tsere. Wannan ba shi da kunnen da za a roƙa. Ladi ta ce ba za a sa dodo a abin da za a nuna wa gwamnati ba. Kaka ba ta kula ta ba, ta jawo mafi girman guntun da ya rage, abin da ta rantse ba za ta taɓa ba, ta shiga fasa shi da hannu.

Ban taɓa ganin ta gina wani abu haka ba. Ta haɗa gutsattsarin da waya ya zama wani dunƙule mai ƙusumbi ta ko'ina, ba gaba ba baya. Ta tono busassun saiwoyi a gaɓar rafi ta naɗe su da waya suka zama ƙafafu, dogaye, masu yawa, wasu ba sa ma kaiwa ƙasa, a sama suke lilo. Ta aike ni ruga na roƙo kashin shanu, ta kwaɓa da yumɓu ta shafe shi kaf, ba ta bar farin ko ƙwaya ɗaya a waje ba. Da ya sha iska ta goge shi da dutsen gugar tukunya, ta dafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yi wa tukwane da daɓe, ta yi ta shafa masa yana bushewa tana ƙarawa, har ya yi baƙi mai sheƙi kamar bayan ƙwaro. A cikinsa ta ƙasa ta huhhuda ramuka da tsinke, a jere, layi bayan layi, ita da ba ta taɓa yin layi a miƙe a jikin tukunya ba. Sannan ta tsayar da shi a kan ƙauyen, ta soke wayoyin ƙafafun ta cikin fom ɗin har katako ta lanƙwashe su ta ƙasa. Ƙafafun sun sauka a tsakanin ɗakuna ba tare da sun taɓa ko ɗaya ba, inuwarsa kuma ta rufe tun daga dutse har rafi. Na tambaye ta ina idanunsa. Ta ce, "Ido na mai nemanka ne. Wannan ba ya neman kowa." Daga ranar ƙananan yara suka daina shigowa kallo, kaji ma da suka saba tsattsagar gefen fom ɗin sai na riƙa ganin kamar kewaye shi suke. Ladi ta yi fushi, ta ce ranar da jami'in zai zo da kanta za ta datse wayoyin ta cire shi.

Abu ɗaya ya rage mana, launi. Ƙauyenmu ja ne, na kan murfin kuwa fari fat. Mun gwada jar ƙasa da ruwa, ta zame, da ta bushe ta kakkaɓe. Kaka ta ce a kawo ta shafe ɗakunan da yumɓu da makuba kamar yadda ta yi wa nata, Ladi ta ƙi, don yumɓu zai cike ƙofofi da tagogin da ta ɓata kwanaki tana fitarwa. Sai Kawu Bawa ya ce mu bar masa. Ya ce oga ba ya ganin girman laka, laka ai ita ake so a raba mu da ita, amma idan ya ga fenti na gaske zai san mutanen wurin nan sun waye. Ya samo ragowar gwangwanaye a wurin aiki, ja da kore, sun fara daskarewa. Da safiyar ranar da jami'in zai zo, ya ƙi fita aiki, ya yi wanka ya sa rigarsa ta coci, ya tsiyaya fetur a gwangwanayen ya dama har suka saki, kamar yadda suke yi wa fentin ƙofofin ƙarfe. Ya ce a bar dodon tukuna sai an gama, kada a girgiza ɗakunan. Ya tsuguna da ɗan burushi, harshensa a waje don kulawa, ya bi bango-bango da ja, gonaki da kore, har ya ɗiga wa dodon ɗan kore a baya don tsokanar Kaka. Na ɗan lokaci abin ya yi kyau ƙwarai. Ƙauyenmu ne sak, bayan an ɗauke ruwan sama. Ladi ta yi murmushi, irin wanda rabon da in gani tun kafin tafiyar tifa.

Ƙarar muka fara ji, wata 'yar siririyar ƙara kamar ta gara a cikin azara. Sai na ga bangon ɗakin Kaka ya yi ƙuraje, ƙurajen suka fashe suka zama ramuka. Jinkar rumbun nan karkatacce ta sunkuya a hankali ta kwanta. Rafi ya buɗe baki yana cin gaɓarsa, gonaki suka lotsa, dutse mai tsaga ya saki kamar kitse a kasko. Ladi ta kai hannu ta tallafi coci, ya biyo yatsunta yana zare kamar danƙo. Na ruga na kawo ruwa muka kwara, ruwan ya gangare ta kai, cin bai tsaya ba. Muna tsaye muna kallo ɗaki yana bin ɗaki, babu wuta, babu hayaƙi, sai warin fetur. Reshen ɗorawa ya jirkice, 'yar ƙasar kabarin ta nutse a wani rami mai yauƙi. Kafin rana ta kai tsaka babu abin da ya rage a kan murfin sai wani dagwalon kwata ja da kore, da tsinkayen tsintsiya, da awakin kara a kwance. A samanta kuwa abin Kaka yana tsaye a kan ƙafafunsa, ko gezau, yumɓu da makuba sun tare masa. Kawu ya zauna daɓas a ƙasa da rigarsa ta coci yana cewa haka suke yi kullum a wurin aiki, wallahi haka suke yi. Babu wanda ya yi masa faɗa. Ladi ta shige ɗaki ta ja tabarmar ƙofa.

Bayan azahar jami'in ya iso. Na zaci zan ga ƙato mai tsawa, sai ga wani saurayi siriri, takalmansa sun yi kaca-kaca da laka, da alama ya gaji. Ya cire hula ya durƙusa ya gaida Kaka, ya kira ta Mama, ya shanye ruwan da aka ba shi a ƙwarya. Ta kai shi bayan ɗaki ta nuna masa kabarin, tana magana Kawu yana mayarwa da Hausa, murya a dishe. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce ba zai yi mata ƙarya ba, shi ba shi da ikon matsar da turke ko taki ɗaya. Layin daga hoton da jirgi ya ɗauka aka ja shi, a Legas, wasu ma sun ce a wata ƙasa, shi bai taɓa ganin waɗanda suka ja ba, ogansa ma bai gan su ba. An aiko shi ne ya ga ɗakuna da itatuwa kawai. Mai gari ya kawo maganar hanyar da aka karkata saboda bishiya, ya ce shi ma ya ji ana faɗa. A kan hanyarsa ta fita ya hangi murfin a gindin rumbu, ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya leƙa ramukan nan na ƙasa, ya tambaya mene ne wannan. Kaka ba ta jira Kawu ba, da 'yar Hausarta ta ce, "Kai ma ba ka san shi ba, ɗana?" Ya ce a'a. Ta ce, "To, shi ma bai san ka ba." Ya yi ɗan murmushin wanda bai gane ba, ya miƙe. Yaron da ke biye da shi ya tsoma burushi a gwangwani ya yi gicciye a bangon ɗakin Kaka. Ja ne, irin na Kawu.

Bayan girbi manyan motoci suka zo. Kaka ba ta yi kokawa da kowa ba, kamar yadda muka ji tsoro. Ta share kabarin, ta daɗe tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, ta cika wata 'yar tukunya da ƙasarsa ta ɗora a kafaɗa ta hau mota. Abin nata kuwa ta hana a ɗauka, ta hana a fasa. A gindin ɗorawa muka bar shi, yana tsaye a kan kwatarsa, ina hangensa ta tsakanin katakon mota har muka sha kwana. Inda aka kai mu ɗakuna ne masu kusurwa huɗu da rufin kwano, a jere, ƙasar tsakuwa ce, yumɓun wurin kuma da ya ji wuta sai ya tsage. Kaka ta gwada, ta sake gwadawa, ta bari. Da safe takan zauna da 'yar tukunyar a gabanta, amma ban ƙara jin ta ba mijin nata labari ba, ta ce ba ta san ko yana ji daga nan ba. Ba ta daɗe ba ta rasu. Kawu Bawa ya ƙare a wata rumfar fenti a Dei-Dei, har tsufansa duk wanda ya sayi gwangwani sai ya gargaɗe shi kada ya shafa a fom, ko da mutumin ƙofar gareji zai fenta. Ladi ta yi aure a Orozo, tana noman doya tana sayarwa a bakin hanya. Hannun nan da ya fitar da tagogi da zafaffiyar ƙusa bai sake sassaƙa komai ba.

Ni karatu ya ɗauke ni, aikin tafinta ya yi yawo da ni ƙasashe. Na ƙara Turanci da Faransanci da Larabci a kan baki biyun da na tashi da su, kuma a kowanne na tarar da kalmomi birjik na tsoron abin da ke farautar mutum, ban sami ko ɗaya ta tsoron abin da bai san mutum yana nan ba. A wani birni na Turai na taɓa fakewa ruwan sama a wani kanti, sai na tarar da manyan mutane da gemunsu sun duƙufa a kan tebura suna yanka fom da zafaffiyar waya. 'Yan garuruwa suke ginawa, da tashar jiragen ruwa da fitilun titi, a saman kowanne kuma wata halitta mai hannaye barkatai tana saukowa daga bayan taurari, 'yan mutane kamar ƙwayar shinkafa suna gudu. Mai kantin ya yi mini bayani cewa abin da suke son nunawa shi ne ɗan Adam ba komai ba ne a cikin sararin nan. Aikinsu ya fi namu tsafta nesa ba kusa ba. Amma na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace halitta da idanu, wata ma jikinta duk idanu ne, kuma duk a kan 'yan mutanen suke. Na ce a raina waɗannan ba a taɓa tashinsu daga ko'ina ba. Har yanzu suna zaton ana kallonsu.

Yanzu na dawo, ina zaune a wani bene a Garki, jikana yana zuwa hutu wurina. Shi ma irin wannan gini da fom ne ya ɗauke masa hankali, a waya ya koya. Ya san a fara shafe fom da farin gam, ya san fentin ruwa ake sa masa, abin da da wani ya faɗa mana a tsakar gidan Kaka da ban san me zai canja ba. Kwanan baya ya gama wani ɗan gari da halittarsa a sama, ya kawo mini in gani. Na ce ya cire idanun. Ya ce, "Haba Kaka, in babu ido ai ba zai ba kowa tsoro ba." Ban yi masa musu ba, ina fatan ya daɗe bai gane ba. Ladi ta kira ni a watan jiya, muka gaisa, muka yi maganar gwiwa da tsadar taki, can ta ce ta ga wasu samari da abin awo suna zagaya bayan gonarta, ta faɗa kamar mai cewa hadari ya haɗu. Wani lokaci da yamma nakan hau gadar masu tafiya a ƙafa da ke kan titin nan, in nemi inda dutsen yake a da, in ja layi da ido zuwa inda nake zaton rafi, in ce a nan ɗorawar take. Kowane zuwa wuri dabam nake nunawa. Motoci suna ta wucewa a ƙasa, babu wadda ke rage gudu.